Makarantun da Suka Girmi Jiharsu: Tarihin Kishin Makaranta a Ƙasar Dutse

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, aka ce Dutse ce hedikwata. Ɗaliban kwalejin Birnin Kudu, da na Lautai a Gumel, da 'yan kimiyya na Kafin Hausa, da 'yan matan Taura, duk sun kwana suna 'yan makarantun Kano, gari ya waye musu a sabuwar jiha. Dutse a lokacin ba ta wuce hedikwatar ƙaramar hukuma ba. Ofisoshi ba su isa ba, balle gidajen kwana, har ma'aikata da yawa suka daɗe suna sammako daga Kano, su koma da yamma. Amma abu ɗaya sabuwar jihar ba ta yi jiran a gina mata ba, wato mutanen da suka san juna. Babban sakatare da darakta da likita da injiniya, da yawansu sun taɓa cin tuwo a kwano ɗaya, sun taɓa tsayawa layin famfo da bokiti tun asuba. Wannan sanayya a makarantar kwana aka ƙulla ta, kuma tarihinta ya girmi jihar da shekaru masu yawa.

Tushen abin yana Kano da Katsina. A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, daga baya ta zama Kwalejin Barewa. A 1927 aka buɗe Midil ta Kano, wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa. Turawan da suka tsara waɗannan makarantu sun ɗauko fasalin makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila. Aka raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da kyaftin ɗinsa, aka ɗora wa manyan ɗalibai nauyin tsawata wa ƙanana, aka mai da wasan yamma wajibi. Har wasan fayibs, wanda ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, suka kawo daga makarantar Eton, kuma Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da ya yi Katsina daga 1926 zuwa 1931, bai rabu da shi ba har bayan ya zama Firimiya.

Bature ya kawo fasali, amma yaran da suka shiga cikinsa da tarbiyyar gidajensu suka shiga. Ɗan Hausa ya riga ya san girman yaya a kan ƙane, ya san zaman gaban malamin allo, ya san cewa wanda kuka ci abinci tare ya zama naka. Abin da ya fito daga wannan gami shi ne irin kishin makarantar da muka gada: biyayya ga na gaba, alfahari da gidan da aka saka ka, da zumuncin 'yan aji ɗaya wanda kan kai har kabari.

A wancan zamani ƙasar Dutse gunduma ce a ƙarƙashin En'e ta Kano. Yaron da ya yi fice a elementare a Dutse ko Kiyawa ko Jahun ko Gwaram, in dai zai ci gaba, to sai ya bar gida. Kuma ba kowane uba ke murna da haka ba. An sha ɓoye yara a rumbu ko a tura su ƙauyen kakanni idan aka ji dagaci na neman 'yan makaranta, saboda tsoron kada boko ya raba yaro da addininsa da gonar ubansa. Waɗanda aka kama aka tafi da su suna kuka, su ne daga baya suka dawo alƙalai da malamai da jami'an gona, har iyayen da suka ɓoye nasu suka riƙa cizon yatsa.

A wannan yanki, makarantar da sunanta ya fi fita ita ce Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Garin tsoho ne, yana kan hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma, kuma an san shi da zanen shanu na mutanen dā a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Tun kafin a ƙirƙiri Jihar Kano kanta a 1967 makarantar tana karɓar yara daga kowace kusurwa ta lardin. Abdullahi Umar Ganduje, wanda ya mulki Kano daga 2015 zuwa 2023, a can ya yi sakandare cikin shekarun 1960. Aliko Dangote ya biyo baya cikin shekarun 1970. Ana yawan ambaton waɗannan sunaye biyu, kuma sun cancanta, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaruruwan da ba a buga sunansu a jarida: shugabannin makarantu, ma'aikatan jinya, akawun kotu, malaman gona. Jikan attajirin Kano da ɗan manomin Buji ɗaki ɗaya aka ba su, tsintsiya ɗaya suka riƙe. Da wuya a sami wani wuri a ƙasar Hausa ta wancan lokaci da ya haɗa irin waɗannan yara biyu a matsayi guda tsawon shekara biyar.

Duk wanda ya yi makarantar kwana a shekarun 1960 da 1970 zai gaya maka ranar farko ba ta mantuwa. Akwai lokacin da shekarar karatu ke farawa a Janairu, cikin tsakiyar hunturu, sabon ɗalibi ya sauka daga mota leɓe a fashe, ƙafa a bushe, yana rungume da akwatin ƙarfe da aka rubuta sunansa da fenti. Hukuma ce ke ba shi kusan komai: yunifom, bargo, sabulu, littattafai, kuɗin kashewa, da kuɗin motar komawa gida in an yi hutu. Kafin ya gama kalle-kalle an karanta masa gidan da aka saka shi, wani siniya ya kama hannunsa ya nuna masa gado. Daga wannan dare ya zama ɗan wannan gida. In gidan ya ci kofi, shi ya ci. In aka same shi da ƙazanta ranar duba tsafta, har da shi za a sha leba.

Ƙararrawa ce ke mulkin yini. Ita ke tashin yara sallar asuba, ita ke kiran shara da wanka da taron safe, ita ke kai su dainin, ita ke zaunar da su firef da dare. Abincin ba na marmari ba ne. Tuwon da 'yan makaranta suka raɗa wa gabza, da miyar kuka tsararo, da kokon safe, da wake da shinkafa ranar da aka yi sa'a, su ne suka raini manyan da muke gani yau. Abin da ya rage na yunwa kuma kwaki ke cike shi, a jiƙa shi da suga da ƙuli-ƙuli, mutum biyar su kewaye kwano guda. Yaron da iyayensa ba su iya zuwa ranar ziyara saboda nisa ko rashin abin hannu ba ya kwana da yunwa a ranar, domin uwar abokinsa ta san da shi, da rabonsa take dafowa. Tsofaffin ɗalibai kan manta darasin lissafi, amma ba na jin akwai wanda ya manta matar da ta ce masa, "Zo nan ɗana, kai ma ka sa hannu."

Ranar da kishin ke fitowa fili kuwa ita ce ranar gasar wasanni tsakanin gidaje, wadda ɗalibai ke kira inta-haus. Makonni ake yi ana shiri. Kowane gida da launin rigarsa, a share fili a ja layi da farar ƙasa, a kafa rumfa domin hakimi da manyan baƙi, 'yan fareti su wuce da ganguna. Ana tseren mita ɗari, da gudun ba-ni-sanda, da dogon tsalle, da jan igiya, mutanen gari su cika gefen fili har da masu rake da gyaɗa. Yaron da ba ya kataɓus a aji yakan zama gwarzon makaranta a yini ɗaya, kuma sunan da aka laƙaba masa a ranar shi zai bi shi har ya yi furfura. Sai kuma ranar jawabi da rabon kyaututtuka a ƙarshen shekara, inda ake kiran na ɗaya a kowane fanni a gaban iyaye. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo na daren Asabar, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a Legas a 1954 ta bazu har makarantun Arewa, ta zama inda yara da yawa suka fara koyon tsayawa gaban jama'a su yi magana.

Ba zan yi wa wannan tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Ikon da aka ba siniya a kan juniya ya sha wuce gona da iri. An yi yaran da suka zama bayin wanki da ɗebo ruwa, an yi waɗanda aka ƙwace musu guzuri tun daren farko, an yi waɗanda duka ya sa suka tsallake katanga ba su sake komawa boko ba. Masu cewa wahalar ce ta gyara su suna faɗin abin da suka gani a kansu, amma waɗanda ta karya ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai balle a ji ta bakinsu. Inda tsarin ya yi kyau, za ka tarar malamin gida yana zaune cikin harabar makaranta da iyalinsa, yana zagayawa da tocila bayan an kashe fitila, ya san wane yaro ne ya rame, wane ne ya daina dariya. Inda malami ya koma cikin gari ya bar yara da yara, nan ne zalunci ya samu gindin zama.

A Satumbar 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba suka samu aji, kuma bayan shekara shida wannan ambaliyar yara ta iso ƙofar sakandare. A tsakanin nan, a 1977, Jihar Kano ta fito da wata dabara da ta yi tasiri ƙwarai: makarantun sakandare na kimiyya zalla, waɗanda aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura da ta maza a Kafin Hausa. Da jarrabawa ake shiga, kuma yaron da ya ci, duk garinsu sai an sani. Waɗannan makarantu suka haifar da wani sabon alfahari, na ƙwaƙwalwa, kuma likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa da yawa ta nan suka bi. Ta Taura tana da matsayi na musamman, domin ta nuna wa iyayen da ke ɗari-ɗari cewa 'yarsu za ta iya kwana a makaranta, ta karanta kimiyya, ta dawo da mutuncinta da sana'ar da za ta amfani matan garinsu.

Sai dai yawan ya zo daidai da ƙarancin kuɗi. Farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsarin 6-3-3-4 da ya raba sakandare gida biyu, sannan matsin tattalin arziki na SAP ya biyo baya a 1986. Ciyar da dubban yara sau uku a rana ya fi ƙarfin baitulmali. Kuɗin kashewa ya tsaya, sabulu ya tsaya, bargo ya koma wuyan uba. Aka koma buɗe makarantun jeka-ka-dawo, waɗanda suka fi arha kuma suka kusanto da karatu ga yaran da dā ba za su samu ba. Wannan alheri ne babba, kada a raina shi. Amma yaron da ke zuwa da safe ya tashi da azahar ya wuce gona ko kasuwa ba ya samun abin da zai ɗaure zuciyarsa da makarantar. Babu gida, babu firef, sau da yawa babu ko filin ƙwallo.

Bayan samun jiha, Dutse ta cika ta batse. Garu, inda fadar Sarki take, ta samu maƙwabta irin su Takur da Danmasara, makarantun gwamnati da na kuɗi suka yawaita. Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kiyawa tana kawo yara daga sassan Nijeriya, Jahun tana da makarantar kimiyya ta 'yan mata, gwamnatin Sule Lamido, wanda shi kansa tsohon ɗalibin Barewa ne, ta gina makarantar yara masu hazaƙa a Bamaina, sannan a 2011 Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo. Yaron Dutse na yau zai iya tashi daga aji ɗaya na firamare har digiri bai taɓa kwana a wajen garinsu ba.

Komawar tsofaffin ɗalibai makarantarsu al'ada ce da ke da rassa a duniya. A Amurka, Jami'ar Misuri ta gayyaci tsofaffin ɗalibanta a 1911 su dawo kallon wasanta da Kansas, kuma irin wannan biki ya bazu har makarantun sakandare, ana yin sa kowace kaka da fareti da wasan ƙwallo, makonni kaɗan bayan an koma karatu. Namu ya sha bamban. Tsofaffin ɗaliban Barewa sun kafa ƙungiyarsu tun 1939, lokacin makarantar tana Kaduna, kuma sauran makarantu suka bi sahu, har da BIKOBA ta tsofaffin ɗaliban Birnin Kudu. Taronmu ba ya jiran wasa, kuma ba a cika ɗaura shi da buɗe makaranta ba. An fi yin sa a hutun ƙarshen shekara ko kwanakin Sallah, lokacin da na Abuja da Legas da Kaduna suka zo gida. Da addu'a ake buɗewa, a karanto sunayen waɗanda suka rasu, a yi musu fatiha. A gaishe da tsofaffin malamai, kwamishina ya rusuna wa dattijon da ya taɓa yi masa bulala yana cewa "Allah ya ƙara girma, Malam." Sannan a zagaya a ga ɗakin kwana, kowa na neman inda gadonsa yake.

Daga nan sai maganar kuɗi. Wani aji ya ɗauki gyaran rijiyar burtsatse, wani ya sayi kujeru, wani ya biya wa marayu kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO. Tun da WhatsApp ya shigo, kusan kowane aji da ya yi kandi yana da zaurensa, kuma aikin da zaurukan suka fi yi ba a ganinsa a allon sanarwa: haɗa kuɗin asibitin ɗan aji, ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya rasu, cika mota a tafi ta'aziyya Gwaram ko Miga. Zumunci a ƙafa yake, kuma waɗannan mutane suna taka ta. Tsofaffin ɗalibai mata ma sun kafa nasu, duk da aure ya warwatsa su garuruwa, kuma sau da yawa sun fi maza riƙon asusu da bin diddigin wadda ta shiga wani hali.

Yanzu a Satumba ake buɗe sabuwar shekarar karatu, daidai lokacin da gero ya nuna. Wannan dacewa tana da amfani ga manomi, domin buhun sabon gero ko ɗan akuya da aka kai kasuwar Shuwarin ko ta Sara shi ke zama yunifom da takalmi da bokiti da katifa. Teloli ba sa barci a makon, uwa tana soya ƙuli-ƙuli tana daka yaji, uba yana lissafin kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amma Satumba wata ne na ruwa kuma. A 2022, ambaliya ta raba dubban mutanen Jigawa da gidajensu, kuma ajujuwan makarantu na cikin wuraren da suka fake. Ga kuma tsoro, wanda iyayen dā ba su san shi ba. Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, jihohin Arewa da dama, har da Jigawa, sun rufe makarantu na wani lokaci. Jigawa tana cikin jihohin da Allah ya rufa wa asiri ta fuskar tsaro, amma uwar da ke sallamar ɗanta a tasha ta ji labarin Ƙanƙara da ire-irensa, kuma addu'arta ta fi ta dā tsawo.

A nan ne nake da magana da tsofaffin ɗalibai, cikin girmamawa. Yawancin masu zuwa taron shekara 'ya'yansu ba sa makarantar da suke yi wa kirari. Suna makarantun kuɗi a Dutse ko Kano ko Abuja. Ban ga laifin uban da ya nema wa ɗansa inda ya fi ba. Amma haɗuwar ɗan mai hali da ɗan talaka a ɗaki ɗaya ita ce ta sa makarantun nan suka yi ƙarfi, domin muddin ɗan babban mutum na cin gabza, to akwai mai bugun tebur idan hatsi ya ƙare a sito. Fentin ƙofar shiga da sabon allon suna, alhali gidajen malamai sun zube kuma ɗakin gwaje-gwaje babu ruwa, daidai yake da yi wa rumbu sabon jinka babu hatsi a ciki. Kuɗin da ake tarawa zai fi yin aiki in aka fara da gidan da malami zai kwana kusa da yara, da kicin, da famfo, da katanga.

Akwai kuma waɗanda ba a maganarsu sam. Mafi yawan yaran ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, daga Miga zuwa Gwaram, a makarantun jeka-ka-dawo suke, kuma da yawan waɗannan makarantu ba su da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko ta suna. Ɗalibansu na farko yanzu sun haura shekara arba'in, cikinsu akwai malamai da 'yan kasuwa da kansiloli da ma'aikatan lafiya, kuma galibinsu suna zaune a garin da makarantar take, suna wuce ta kullum a kan babur. Ba sa buƙatar hayar zauren taro ko jiran wani ya sauko daga Abuja. Rajistar sunayensu tana ofishin firinsifal, kuma kuɗin ƙwallo biyu da riguna kala huɗu da kofi ɗaya, wanda zai isa a yi gasar gidaje ta farko a zangon da aka shiga, bai fi ƙarfin mutum ashirin ba.